Ɗalibar jinya da ta gaji: ta daure, ta ɗaga karatu, ko ta sauya fanni?

Ɗalibar da ta fara cewa "anya wannan aikin nawa ne?" hanyoyi huɗu ne a gabanta. Ko ta daure ta ƙarasa, ko ta nemi a ɗaga mata karatu ta koma cikin 'yan ajin baya, ko ta sauya zuwa wani fannin lafiyar kamar ungozoma ko lafiyar al'umma, ko kuma ta bar harkar asibiti gaba ɗaya. Kowace hanya da kuɗinta, da shekarun da za ta ci, da abin da za a tarar a ƙarshenta. Da mace za mu yi maganar saboda su suka fi yawa a azuzuwan, amma ɗa namiji da ke makarantar jinya ta Madobi ko ta Birnin Kudu yana wannan tunanin, shi ma da shi ake.

Kafin a kwatanta hanyoyin, ƙanwata, sai kin gano daga ina gajiyar take tasowa, domin a nan ne ake yin kuskuren zaɓi. Daga littafi take, daga ɗakin majinyata, ko daga gida da aljihu? Sau da yawa ɗaliba takan ce ta tsani aikin jinya, alhali abin da ta tsana shi ne rashin barci da faɗuwa gwaji.

Mu fara da littafi. Watanni shida na farko, wanda ake kira PTS a tsarin shekara uku, ko zangon farko a sabon tsarin difloma, shi ne lokacin da ya fi kowane zafi, kuma da gangan aka tsara shi haka, domin a nan ake tankaɗe da rairaya kafin a tura sunayen ɗalibai ga hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa. Yarinyar da ta fito daga sakandaren ƙauye, inda wataƙila ba ta taɓa riƙe madubin ƙara girman ƙwayoyin cuta ba, sai ga shi a cikin 'yan makonni ana son ta san ƙasusuwan jiki 206, jijiyoyin kai 12, da yadda jini ke zagayawa ta ɗakunan zuciya huɗu, duk da Turanci, kuma makin ci hamsin ne, ba arba'in ba. Idan kanki ya ɗau zafi a wannan lokacin, ba shaida ba ce ta cewa aikin bai dace da ke ba. Shaida ce kawai ta cewa karatun yana da yawa.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai a nan shi ne hadda ba fahimta, da kwana ido biyu ana cin goro ana shan shayi mai kauri. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take ajiye abin da aka karanta. Wadda ta yi barcin awa uku, wani ɓangare na haddarta kan zube kafin a raba takarda. Abin da ke aiki ya fi wannan sauƙi. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ku wuce haka don kada ya koma hira. Kowace ta ɗauki sashe guda ta yi wa sauran bayaninsa da Hausa, ba tare da duba littafi ba, sannan kowa ta rubuta shi da Turanci ta zana hotonsa da hannunta. Duk inda bayanin Hausar ya tsaya miki, nan ne ba ki gane ba, nan za ki koma. Ki nemi tsofaffin tambayoyi wurin 'yan ajin gaba, ki kuma lura da abin da tambaya take nema: wadda ta ce a lissafo abubuwa biyar daban take da wadda ta ce a yi bayani, kuma ɗalibai da dama sun san amsar amma sun faɗi a kan wannan. Ki tsare barcin awa shida zuwa bakwai ko da jarrabawa gobe ce. Idan kin yi wata guda a haka kin ga maki ya motsa, to matsalarki ta hanyar karatu ce, kuma barin makaranta saboda ita asara ce.

Gajiyar ɗakin majinyata ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin kala biyu ce, ɗaya tana wucewa, ɗaya ba ta wucewa. Wadda ke wucewa ita ce ta jiki da tsoro. Ranar farko da ɗaliba ta tsaya a kan gyambon mai ciwon suga ana wankewa, ko ta ga an yanka a ɗakin tiyata, sai ta ji zufa mai sanyi, ido ya yi duhu, ƙafa ta saki. Wannan jijiya ce ke sa bugun zuciya ya ragu jini ya sauka, kuma ya fi kama wadda ta fito ba ta karya ba ta kuma daɗe a tsaye wuri guda. Maganinsa ki ci abinci kafin ki fita, ki sha ruwa, ki riƙa ɗaure tsokar cinya da ta maraƙi kina saki, in kin ji ya taso ki zauna ki sunkuyar da kai kafin ki faɗi. Yana raguwa da sabo. Haka rawar hannu wajen allura, haka tsoron lissafin ƙarin ruwa, wanda in an zauna an koya bai kai yadda ake jin tsoronsa ba: leda mai mililita 500 da aka ce ta ƙare a awa huɗu, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, sai ki ninka 500 da 20, ki raba da minti 240, ya ba ki ɗigo 42 a minti. Ki yi irin wannan guda biyar kullum na mako biyu, tsoron zai kau.

Tsawar sista a gaban majinyata ma tana cikin abin da ke sa yara kuka a bayan ɗaki. Ba ma goyon bayan wulaƙanta ɗalibi, kuma in abin ya kai cin mutunci, malamin da ke bibiyar ɗalibai a asibiti shi za a kai wa ƙara. Amma yawancin tsawar a kan abu uku take: zuwa a makare wajen karɓar aiki, rubuta awon da ba a yi ba, da yin abin da ba a iya ba ba tare da tambaya ba. Na tsakiyar shi ne mafi haɗari. Ɗalibar da ta rubuta zafin jiki 37 da bugun jijiya 80 daga kanta don gudun faɗa, tana iya ɓoye zazzaɓin da zai kashe mai jego. Faɗin "ban iya ba, a nuna mini" bai taɓa korar kowa daga makaranta ba.

Akwai kuma tsoron ɗaukar cuta, kuma tsoro ne mai dalili. Ki karɓi riga-kafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: ta farko, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida da ta farkon. Kada ki mayar wa allura murfinta da hannu biyu bayan an yi amfani da ita, a nan aka fi sokewa. In ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, ki faɗa wa mai kula da ɗakin nan take, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ana fara shi ne cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Ɓoyewa saboda kunya shi ne ke mayar da ƙaramin abu babba.

Gajiyar da ba ta wucewa kuwa daban take. Ita ce a ce kin zaga ɗakin maza, na mata, na yara da ɗakin haihuwa, hannunki ya daina rawa, makinki lafiya lau, amma har yanzu taɓa jikin mara lafiya ƙyama yake ba ki, kina jin haushin mai kiranki da dare ko da kin yi barcin rana, kuma ba ki tuna rana ɗaya da kika tashi aiki da jin daɗin an samu sauƙi a hannunki. Wadda ke cikin wannan hali, mu a ganinmu, bai kamata a ce mata ta daure kawai ba. Majinyaci ne zai biya kuɗin wannan dauriyar shekara talatin.

To yanzu hanyoyin.

Ƙarasawa ita ce ta fi riba ga wadda ta wuce shekarar farko kuma damuwarta ta littafi ce ko ta tsoro. Abin da ya rage mata shi ne jarrabawar makaranta ta share fage, sannan ta kansul, wato hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, wadda ake yi wa ɗaliban jinya a watan Mayu da Nuwamba, rabi a kwamfuta, rabi a aikace, inda ake zagaya tebur-tebur ana ba ki 'yan mintuna a kowane ki nuna aiki. A da, wanda ya faɗi sau uku sallamarsa ake yi. A 2025 hukumar ta janye wannan doka, ta bar ɗalibi ya ci gaba da sake ɓangaren da ya faɗi muddin yana halartar darasi. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa mutane da yawa fargaba. Sannan lasisin jinya ƙofofinsa suna da yawa, abin da ɗalibar da ke cikin wahalar aikin dare ba ta hangowa. Da shi ake zuwa ƙarin karatun ungozoma na wata 18, irin wanda ake yi a Gezawa, ko jinyar ƙashi a asibitin Dala, ko ta ido da ta taɓin hankali a Kaduna, ko aikin ɗakin tiyata, ko a ƙara digiri a koma koyarwa. Akwai nas da aikinta awon ciki ne da safe ta tashi da rana. Kuma a cikin duk fannonin da za mu ambata, shi ne lasisin da ya fi tafiya da mutum zuwa asibitocin tarayya da ƙasashen waje irin su Saudiyya da Ingila. Kuɗin wannan hanya shi ne aikin dare, da tsayuwar awanni, da yiwuwar a tura ki babban asibiti nesa da garinku.

Sauyawa zuwa lafiyar al'umma, wato karatun zama ma'aikaciyar da ake kira CHEW, ita ce hanyar da 'yan karkara suka fi tunani, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Karatun shekara uku ne, a makarantu irin ta Jahun a Jigawa, ko ta Kano da ta Bebeji. Hukumar da ke ba da lasisinsa daban take da ta jinya, don haka ki shirya farawa daga ajin farko. Shekarar da kika yi a jinya za ta taimake ki a ka, amma kada ki sa ran za a rage miki ita a takarda. Aikin kansa a ƙaramin asibitin mazaɓa yake da cikin gari: riga-kafin yara, awon ciki, auna damtsen yaro don gano tamowa, gwajin zazzaɓin cizon sauro, maganin gudawa, shiga gida-gida, zama da mai unguwa da liman. Ana aiki da littafin ƙa'ida da ya fayyace abin da za ki yi da kanki da abin da za ki tura gaba. Ga mai son magana da mutane, mai son zama kusa da gida, wadda maigidanta ko iyayenta ba za su bar ta ta yi nisa ba, wannan aiki ne mai daraja, kuma ƙauyukanmu suna matuƙar buƙatarsa.

Amma wadda ke gudun jini ko gudun nauyi, ta sani ba hutu ta koma ba. A babban asibiti, in mace ta fara zubar da jini bayan haihuwa, akwai sista, akwai likita, akwai wurin ajiyar jini. A ƙaramin asibitin ƙauye da ƙarfe biyun dare, da damina, hanya ta yanke, sau da yawa ke ce kaɗai da fitilar waya, ke za ki murza mahaifa, ki yi allurar tsayar da jini, ki sa ruwa, ki nemo mota. Kaɗaicin nan ya fi tsawar kowace sista nauyi. Sannan tsanin ci gaba ya fi gajarta: babban matakin da ke gaba shi ne jami'in lafiyar al'umma, kuma lasisin a cikin gida Najeriya yake da ƙarfi. Don haka mai komawa CHEW ta koma don son aikin gari, kada ta koma don an ce ya fi sauƙi.

Ungozoma, irin karatun da ake yi a Dambatta ko Babura, shekara uku ne shi ma, kuma tushen karatunsa kusan ɗaya ne da na jinya, don haka wadda ilimin sassan jiki ya kora, zai tarbe ta a can. Ta dace da wadda ta lura ɗakin haihuwa kaɗai ne wurin da take jin ranta ya buɗe. Sai dai rai biyu ne a hannunki lokaci guda, haihuwa kuma ba ta san dare ba. Zubar jinin da ya kai rabin lita, jijjigar masu ciki, doguwar naƙudar da ke kawo yoyon fitsari irin wanda ake gyarawa a asibitin Jahun, su ne abincin yau da kullum. Shawararmu ga wadda ta riga ta yi nisa a jinya kuma tana son ungozoma: ta ƙarasa, ta ƙara wata 18, ta fita da lasisi biyu. Ya fi ta watsar da shekara biyu ta sake uku ta fita da ɗaya. Akwai kuma tsarin jinya da ungozoma na al'umma mai shekara biyu, wanda aka yi don 'yan ƙaramar hukuma su koma yi wa yankinsu aiki. Ya fi gajarta, amma iyakar aikinsa ta fi ƙunci.

Wadda kuwa matsalarta taɓa jikin majinyaci ce, CHEW da ungozoma duk ba su warware mata ba. Fannoninta su ne adana bayanan marasa lafiya, haɗa magunguna, gwaje-gwajen jini da fitsari, ko aikin duba-gari da ake koyarwa a makarantar tsafta ta Kano. Sakamakon sakandaren da ya shigar da ita jinya, wato kiredit biyar a Turanci, lissafi da darussan kimiyya uku, shi ne dai zai shigar da ita waɗannan.

Ɗaga karatu na masu matsalar gida ne: ciki da ya tsufa, jego, rashin lafiya, rasuwar mai biyan kuɗin makaranta. Abin da ake asara wata shida ne ko shekara, da raɗaɗin ganin ƙawaye sun riga ki sa farin kaya na gamawa. Abin da ke lalata wannan hanya guda biyu ne. Na farko, tafiya gida ba takarda. Makarantun jinya suna ƙirga ranakun aji da na asibiti, kuma wadda ta ɓace ba izini ana iya ɗaukarta a wadda ta bar karatu. Ki rubuta wa shugaban makaranta ta hannun mai kula da ajinku, ki haɗa da takardar likita in rashin lafiya ce, ki karɓi amsa a rubuce mai ɗauke da ranar dawowa, ki ajiye kwafi. Na biyu, zaman gida ba shiri. A ƙauye, yarinyar da ta dawo ta zauna wata shida, maganar aure ko ta "ai karatun ya isa haka" ba ta daɗewa ba ta taso ba. Tun kafin ki tattaro kaya, a zauna da Baba, ko da maigida in da aure, a faɗi ranar komawa a gaban wani babba da ake jin nauyinsa. In kuma kuɗi ne kawai matsalar, kafin ki ɗaga ki fara zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai ki nemi a raba miki biya, ki bincika tallafin karatu na jiha da na ƙaramar hukumarku.

Barin fannin lafiya gaba ɗaya ba abin kunya ba ne, ko da yake mun san nauyinsa a garin da tun ranar da kika samu gurbi ake kiranki "likita", aka kuma sayar da tunkiya ko buhun gero aka biya miki rajista. In wata hukuma ko al'ummar gari ce ta ɗauki nauyinki, kamar yadda aka yi wa 'yan matan karkara da yawa a Kano da Jigawa ƙarƙashin shirin share fage na shekara guda da aka fara bayan 2012, ki karanta takardar alkawarin da kika sa wa hannu kafin komai, ki san abin da ke kanki. Kuma kada ki je wa Baba da "na gaji" kawai, domin amsar da za ki samu ita ce kowa ma ya gaji. Ki je masa da abin da kika gwada, da abin da bai canja ba, da karatun da kike son komawa, da shekarunsa da kuɗinsa.

Akwai hali guda da ba a yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari a cikinsa. In kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum ranki a ɓace, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita daga ranki, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, kina kuka ba dalili, kina ganin kanki ba ki da amfani, wannan ya wuce gajiyar karatu, alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ki fara da asibitin makaranta a duba jininki, domin ƙarancin jini da zazzaɓin da bai warke ba suna kawo kasala mai kama da wannan. In jiki lafiya, a tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitin Malam Aminu Kano da Dawanau, akwai asibitin Kazaure a Jigawa. Addu'a da azkar ki riƙe su da kyau, ki haɗa da ganin likita, ɗaya ba ya hana ɗaya. In tunanin kashe kai ya taɓa zo miki, a ranar za ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Kuma don Allah ki nisanci ƙwayar barci, tiramadol da maganin tari mai kodin. Ɗalibin asibiti ya fi kowa sauƙin samunsu, kuma sun raba mutane da lasisinsu da lafiyarsu.

Lokacin yanke shawara ma yana da tasiri. Kada ki yanke a makon jarrabawa, ko da safiyar da kika sauka daga aikin dare, ko ranar da majinyaci ya rasu a hannunki. Ki bari sai hutun zango, bayan kin yi mako guda kina barci sosai. A cikin hutun ki je ƙaramin asibitin mazaɓarku ki nemi izinin zama kwana biyu ko uku, har da ranar riga-kafi da ranar awo, ki ga aikin CHEW da idonki, ki tambayi ma'aikaciyar wa take kira in abu ya ɓaci da dare. In bayan haka sauyawar ce dai a ranki, ki sayi fom ɗin sabuwar makarantar, ki sake JAMB in tana buƙata, ki ci gaba da shiga ajinki na jinya har sai takardar samun gurbi ta zo hannunki. Sai a lokacin za ki rubuta takardar janyewa, ki biya abin da ake binki, ki karɓi duk takardunki na asali da kika ajiye a ofishin rajista.